Baƙin Hoton da Na Kai Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram, shekaru ke nan da dama, ba a taɓa haɗuwa gidan suna ko wajen sussuka ba a ce mini, "Tabawa, wai me ya kai ki ƙasar Faransa?" Wasu sun ce fatauci na je, wasu sun ce wajen mai magani. Na gaji da ba da labarin nan guntu-guntu. To yau ga shi ɗungurungum, ku gyara zama. Babu gizo a ciki, babu ƙoƙi. Abin da ƙafata ta taka ne, idona ya gani.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗan fari ne wajen Iya. Kun kuwa san yadda ake da ɗan fari a garinmu Gafasa, balle gidan da ke da jinin Fulani irin nasu. Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Da ya girma, in ya shigo gaishe ta, sai ta dubi ƙasa, ta amsa a taƙaice, har ya fita. Haka suka yi shekara kusan arba'in.

Wata ranar kasuwar Gaya, farkon damina, ya kai akuya, sai ya tarar da wani mai hoto da akwatinsa mai ƙafa uku. Irin wannan hoton sau biyu ake ɗaukarsa. Na farko a juye yake fitowa, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Sai a sake ɗaukar takardar, sannan mutum ya fito yadda Allah ya yi shi. An gama na farkon ke nan hadari ya taso. Mai hoto ya miƙa masa takardar ya ce ya riƙe, kasuwa mai zuwa ya kawo a ƙarasa. Kasuwa mai zuwa babu mai hoto, babu labarinsa. Bazarar da ta zagayo sanƙarau ya ɗauke maigidan cikin kwana uku.

Abin da ya rage mana ke nan, takarda kamar tafin hannu. Fuska fara fat kamar an shafa mata toka, farar rigarsa ta zama baƙa, idanu kamar ramuka. Sau ɗaya aka nuna wa Iya, ta ce, "Ku ɗauke mini wannan, ba shi ba ne." Na naɗe ta a tsumma na sa a ƙasan kwalla, ta shekara bakwai a nan.

Ni ban bar gidan ba, na zauna da Iya da 'ya'yana, ina ƙuli-ƙuli ina sayar da mai. Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ran nan ina matsar mai, tana zaune a bakin ɗaki, ta ce, "Tabawa."

Na ce, "Na'am, Iya."

Ta ce, "Ni fa ban taɓa kallon yaron nan na ƙoshi ba. Kunya ta cinye mini shi. Yanzu in na neme shi a raina, bayansa kawai nake gani, yana fita daga zaure." Can ta ce, "Girarsa ta hagu kaɗai na riƙe. Yana wata takwas ya suɓuce mini daga goyo, ya faɗa kan dutsen murhu. Gashi bai ƙara fitowa a wurin ba."

Na ci gaba da matsa. Amma kafin man nan ya huce na riga na yanke: idon Iya ba zai rufe ba sai ya ga fuskar nan.

Mace ba ta kama hanya ita kaɗai, sai na je wajen wana, Yaya Haladu. Ya ce, "Ke Tabawa, mutane na zuwa Kano neman magani, ke za ki je neman wankin takarda?" Na ce ko ya raka ni ko in bi mata masu kai daddawa. Ya yi ta mita, amma ya ɗauko sandarsa. Na yi guzurin ƙuli-ƙuli, na cika kwalba da man gyaɗa na toshe da totuwa, don tsarabar duk wanda zai sauke mu.

Da ƙafa muka iso Ajingi, muka samu motar gyaɗa zuwa Gaya, daga nan wata ta haye da mu gadar Wudil har Kano. Muka sauka Fagge, gidan wata 'yar ƙanwar babarmu. Kwana biyu muna yawon masu hoto. Na farko mai shago ne da labule mai zanen jirgin sama. Ya juya takardar ya yi dariya, ya ce, "Mama, an daina wannan. Zauna in ɗauke ki ke." Na biyu ma haka. Na uku wani dattijo ne mai irin akwatin nan, a gindin bishiya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce ta dushe, akwatinsa ba zai gan ta ba. Sannan ya dubi gefen takardar, inda aka yanke kusurwa ɗaya, ya ce, "Wannan yankan Malam Habu ne. Ya koma garinsu Damagaram, unguwar Zango. In akwai mai iya tayar da ita, shi ne, don shi ba ya rabuwa da gwaje-gwaje."

Yaya Haladu ya ce, "To alhamdu lillahi, mun yi iyakar yinmu, sai gida."

Na ce, "Ina ake hawa motar Damagaram?"

Ya dube ni, ya dubi dattijon, ya ce, "Malam, ka ga abin da ka jawo mini."

Gingimari muka hau, a kan buhunan goro, ta Kazaure da Daura har Kongolam. A bakin iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Ma'aikatan kwastan na wajenmu suka duba suka sallame mu. Can gaba kuma sai ga na wancan ɓangaren, 'yan duwan suke ce musu, da gajeren wando da hula mai baki. Ɗaya ya kwance ƙunshina, ya ɗauko takardar, ya ɗaga ta. Ya ce, "Wane ne wanga?"

Na ce, "Maigidana ne."

Ya dubi farar fuskar nan, ya dube ni, ya ce, "Kai! Bakanuwa, Nasara kika aura?"

Duk wurin aka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Ya rasu." Sai ya cire hularsa ya ce Allah ya jiƙansa, ya miƙo mini da hannu biyu. Direba na ta danna ƙaho, Yaya Haladu ya karɓi kayan ya ɗaure cikin gaggawa, muka hau.

Lokacin nan mu hannun hagu ake tuƙi. Muna barin iyaka sai direba ya karkata ya koma dama, ga kuma wata mota tafe. Yaya Haladu ya saki salati da ƙarfi, ya ƙanƙame wani Buzu da ke kusa da shi. Buzun ya ce masa a nan haka ake yi, ya sake shi ya sha iska.

Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram, garin da duwatsu suka zauna a tsakiyarsa kamar giwaye. Masu goro suka kai mu gidan fatomansu, wato mai masaukinsu. Matarsa, Gwaggo Zara, tana jin bakina ta ce, "Lale da bayinmu Kanawa! An zo gaida iyayengiji?" Na ce, "Mun zo ganin ko kun koyi yin miya." Daga nan muka ƙulla. Ruwa kuwa a garin nan kamar turare. Abin da aka ba ni na wanka, a gida da shi nake wanke gyaɗa kwano ɗaya. Tuwonsu na gero ne, furarsu ta fi tamu nono. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, har Yaya Haladu ya ce zai riƙe ɗaya ko da kare zai biyo mu.

Na kwance ƙunshi don in ba Gwaggo Zara tsarabarta, sai na ji hannuna ya yi santsi. Ashe a gaggawar bakin iyaka Yaya Haladu ya kwantar da kwalbar, totuwa ta saki. Mai ya bi tsumma ya shiga takardar. Rabinta, daga hula zuwa haɓa, ya jiƙe ya yi duhu.

Ban yi kuka ba. Na kai masa na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tabawa, ki yafe mini. Gobe mu koma."

Na ce, "Na yafe. Amma wanda ya yanke kusurwar nan, shi zai ce mini ta mutu, ba kai ba."

Da hantsi Gwaggo Zara ta kwatanta mana rumfar. Mutum biyu ne a ciki. Ɗaya siriri mai tabarau, yatsunsa duk sun rine, shi ne Malam Habu. Ɗayan ƙaƙƙarfan tsoho ne a cikin ɓawon itace, da gizago a hannu, ana ce masa Baba Mamman. Yana sassaƙa akushi da ludayi da hatimin buga zane a jikin yadi, da 'yan raƙuma da dawaki da Turawa ke saya. Na lura dabbobin duk babu ido. Ya ce da gangan ne, ba ya son ranar gobe a ce ya hura musu rai.

Malam Habu ya karɓi takardar, ya shafa kusurwar, ya ce, "Tawa ce. Gaya, ranar da iska ta kusa tafiya da akwatina." Sai ya shinshina. "Man gyaɗa?"

Baba Mamman ya ce, "Madalla. Yau dai an kawo maka abin da za ka iya, soya shi."

"Yi mana shiru, mai fasa itace." Ya juyo gare ni. "Baiwar Allah, da ma ta dushe, ga kuma mai. In na sa ta gaban akwati, dabbare-dabbare za ta fito."

Na ce, "Malam, daga Gafasa na taso. Uwarsa na can idonta na rufewa. Ka ƙara dubawa."

Don ya sallame ni, ina ji, ya fita bakin rumfa ya ɗaga ta saitin rana. Sai na ga ya tsaya. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce, "Mamman, taso ka gani." Inda man ya shiga, haske na ratsa takardar kamar yadda yake ratsa ganyen da ya bushe. Ga zanen hula, ga gefen hanci, abin da ba a gani ta gaba duk ya bayyana ta ciki. Inda mai bai taɓa ba kuwa, toshe yake.

Ya ce, "Akwai sauran man?"

Yaya Haladu, da tun safe bai ɗaga kai ba, ya ce, "Akwai rabin kwalba!" kamar shi ya shirya abin tun daga gida.

Malam Habu ya ce ba da akwati za a yi ba, rana ce za ta yi. Wai ya taɓa aiki da masu auna ƙasa, ya ga yadda suke fitar da zanen taswira da wasu magunguna biyu, ba ɗakin duhu, ba komai sai rana da ruwa. Tun daga nan yake gwadawa da ganye da gashin tsuntsu. Ya shafe sauran takardar da mai da auduga, ya danne ta tsakanin tsummoki har ta daina naso. Ya ce a takarda nake so ko a ƙyalle? Na ce ƙyalle, gara ta fi ƙarfin takarda a ɗakunanmu. Ya yanko farin alawayyo, ya haɗa magungunan a inuwa, ya shafa, ƙyallen ya yi kalar ruwan zogale. Da ya bushe ya shimfiɗa shi a kan allo, ya ɗora takardar, ya danne da gilashi, ya kai rana.

Muka zauna jira. Su biyun nan kuwa baki bai huta ba.

Baba Mamman ya ce, "Kin gani ko? Ya ajiye ya dawo inuwa. Rana ta yi aiki, a yaba masa. Ni kuwa sai na yi gumi. Akushin yana cikin itacen tun yana daji, ni ragewa nake yi har ya fito."

Malam Habu ya ce, "Kai dole kake yi wa itace. Ni ba na yi wa kowa dole. Sanin lokacin ɗaukewa shi ne aikin. Ka yi gaggawa ya fito fari, ka yi nawa ya ƙone."

"Mai tuya ma ta san wannan."

Na ce, "Ta sani kuwa. Ƙuli-ƙuli ma haka yake."

Baba Mamman ya buga cinya ya ce, "Ka ji! Sana'arku ɗaya da Bakanuwa."

Bayan azahar aka ɗauko. Ƙyallen ya yi toka-toka, ban ga komai ba. Malam Habu ya tsayar da mai ga-ruwa, ya zuba a kwano, ya tsoma. Ruwan ya yi rawaya, ƙyallen ya fara juyewa shuɗi, shuɗi irin na rini. Sai ga mutum yana tasowa daga cikin ruwa. Farar riga ta dawo fara. Yaya Haladu ya ce, "La ilaha illallahu, shi ne!"

Shi ne, amma kamar ana hango shi ta cikin hayaƙi. Na matso da shi. Na nemi girar. Tana nan a rabe, sai dai a dama take.

Na ce, "Malam, ba daidai ba ne. Tabonsa a hagu yake."

Ya ce, "Haba baiwar Allah. Wa zai lura? Tsohuwar da ba ta gani sosai?"

"Shi kaɗai za ta nema."

Yaya Haladu ya ce, "Tabawa, ki gode wa Allah mu tafi. Hagu da dama duk girarsa ce."

Baba Mamman ya ajiye gizago. Ya ɗauko wani hatimi, ya tsoma a baƙin rini, ya buga a ƙyalle, ya nuna mini. Reshen da ke dama a jikin itacen ya koma hagu. Ya ce, "Duk abin da za a buga, fuska da fuska ake haɗa shi. Habu, a rigingine ka kwantar da ita, ka sani, na sani. Faɗa mata dalili."

Malam Habu ya ce, "Gaskiya ne. Tsoro na ji. Fuskar takardar nan ta tsufa, ga mai, ga zafin gilashi. In na kifa ta a kan maganin, zai fito daidai, ya kuma fi wannan fitowa. Amma tana iya mannewa, in na ɗaga ta saluɓe. In hoton bai yi ba, babu ta uku. Kin rasa baƙin, kin rasa farin."

Baba Mamman ya ce, "Ni kullum haka nake aiki. Abin da gizago ya cire ba ya komawa."

"Kai in ka ɓata sai ka sari wani itacen. Ita fa?"

Duk suka zuba mini ido.

Na tuna shekara bakwai da takardar nan ta yi a ƙasan kwalla ba ta amfani kowa ba. Na tuna Iya tana cewa a ɗauke mata, ba shi ba ne. In na kai mata mai tabo a dama, abin da za ta sake faɗa ke nan, kuma da gaskiyarta.

Na ce, "Kifa ta."

Ya ce ranar yau ta yi sanyi, sai gobe. Washegari ya shafa sabon ƙyalle, ya bar shi ya bushe ƙayau, ya yi bisimilla ya kifa. Ranar babu wanda ya yi wa wani tsiya. Baba Mamman ma gizagonsa a ƙasa ya wuni. Ni na zauna kusa da allon a cikin rana, Gwaggo Zara ta aiko mini da fura ban iya sha ba. Da lokaci ya yi Malam Habu ya ɗauke gilashi, ya sa bakin wuƙa a kusurwar nan da ya yanke da hannunsa, ya ɗaga a hankali. Na ji wani ɗan sauti kamar ana ɓare albasa. Wajen kafaɗa da ƙirji fuskar takardar ta tsage ta biyo ƙyallen, sauran ta tattare. Baƙin hoto dai ya tafi.

Ya tsoma a ruwa. Ya canja ruwa, ya sake canjawa, a garin da ruwa ke da daraja. Ɓarɓashin takardar ya wanke ya fita.

Sai ga shi. Hularsa a ture yadda yake ture ta, idanunsa biyu suna kallona, girar hagu a rabe gida biyu, tsaf kamar an ja da zare. A kafaɗa akwai wani farin tabo inda takardar ta manne. Malam Habu ya ce wannan aibinsa ne. Baba Mamman ya ce, "Bar shi. Nan ne shaidar hannu ya taɓa."

Sai a lokacin na juya musu baya, na ja mayafi.

Na bar wa Malam Habu kwalbar da abin da ya rage a ciki, ya ce yana da tsofaffin takardu cike da akwati da zai gwada. Na farkon, mai tabo a dama, Baba Mamman ya roƙa ya rataye a rumfa, wai don ya riƙa tuna wa Habu ranar da Bakanuwa ta koya masa aiki. Dawowa ba abin faɗi, sai dai wannan karon ƙyallen a ƙirjina yake, kuma ban bar Yaya Haladu ya ɗaure ko da takalminsa a cikin kayana ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Na iso Gafasa da yamma, ban nuna ba, don idon Iya ya fi kama abu da hantsi. Da rana ta ɗaga na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, na sa mata shi a hannu. Na kori kowa. Ni ma na koma bakin madafa, na yi kamar ina tsintar gyaɗa.

Ta kai shi kusa da fuskarta har yana taɓa hancinta. Ta matsar, ta dawo da shi, ta karkata shi wajen haske. Sai na ga babban yatsanta na dama yana hawa a hankali, ya wuce kunci, ya wuce ido, ya tsaya a kan girar.

Ta ce, "Ga inda na yar da kai."

Ba ta dubi ƙasa ba. Ta kalle shi, ta kalle shi, har inuwa ta bar bango ta dawo gindinsa. Sannan, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, ta kira shi da sunansa na yanka. Sau uku.

Kafin kaka ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Ba ta ƙara cewa bayansa take gani ba.

To kun ji abin da ya kai ni ƙasar Faransa. Ƙyallen yana nan a ƙasan kwalla, shuɗinsa bai dushe ba, mai son gani ya zo da hantsi. Sunan kuwa kada ku tambaye ni. Iya ta faɗa, ni har yau ban faɗa ba.